Tambaya da Amsa: Ambulan, Zarf da Yaren Masu Maɗaba'a

Da yake lokacin bukukuwan aure ya ƙarato a nan Saudiyya, yawancin wasiƙun da suka iso teburina a wannan karo sun shafi maɗaba'a ne, saboda haka na ware biyar daga cikinsu. Na taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili, kuma na sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Zan aurar da 'yata bayan babbar salla. Ɗan yayata da ke Kano ya zana mana katin gayyata a kwamfuta ya turo, a jikin fayil ɗin an rubuta 5 da 7, muka kai wata maɗaba'a aka buga guda 400. Da na sayo ambulan a kantin littattafai sai katin ya ƙi shiga, na koma na sayo wanda ya fi shi girma, shi kuma katin yana ta lilo a cikinsa. Ga shi mai maɗaba'ar ya yi ta jero mini kalmomi, kushe, sulufan, basma, kufraj, ni kuwa ina ta amsa masa da ɗayyib, wato to, ba tare da na san abin da na yarda da shi ba, alhali a garin nan aka haife ni, Larabci ba baƙona ba ne. Daga uwar amarya, Shari' Mansur, Makka.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Kada ki zargi Larabcinki, domin yawancin kalmomin da aka jero miki ba na gida ba ne kuma ba na littafi ba ne. Sana'ar ɗab'i ta bunƙasa a ƙasashen Larabawa ne ta hannun Masar, inda Muhammad Ali Basha ya kafa maɗaba'ar Bulak a Alƙahira wajen shekarar 1820, bayan ya aika a koyo aikin a Italiya, kuma daga nan kalmomin Faransanci da na Italiyanci suka shiga bakin masu sana'ar suka zauna har yau. Makka kanta sai a shekarar 1300 bayan Hijira ta sami maɗaba'arta ta farko, a zamanin Usmaniyawa. Shi kuma ɗan yayarki ya koyi nasa yaren a Kano, inda kalmomin suka fito daga Ingilishi. Kin ga ke nan katinki ya faɗa tsakanin harsuna biyu da ma'auni biyu.

Bari in fara da ambulan, tunda shi ne ya tsaye miki a rai. Wannan 5 da 7 da kika gani inci ne, ma'aunin Amurka, wanda yake daidai da milimita 127 a faɗi da 178 a tsawo. Ambulan ɗin da ake tarawa a kantunan nan kuwa, wanda ake kira zarf, yawancinsa yana bin ma'aunin da Jamusawa suka tsara a 1922, duniya ta karɓe shi a 1975. A wannan tsari babbar takarda ita ce A0, mai faɗin murabba'in mita ɗaya, idan aka ninke ta gida biyu ta zama A1, a sake ninke ta ta zama A2, haka har a iso A4 ta ofis mai milimita 210 da 297, da A5 mai 148 da 210, da A6 mai 105 da 148. Kowace takarda tana da rigarta a jerin C: C4 mai 229 da 324 yana ɗaukar A4 ba tare da an ninke ta ba, C5 mai 162 da 229 yana ɗaukar A5, C6 mai 114 da 162 yana ɗaukar A6. Na tabbata C6 kika fara saya ya yi wa katin kaɗan, sannan kika koma C5 ya yi masa yawa. Rigar katinki ita ce mai milimita 133 da 184, wadda Amurkawa suke kira A7, kuma a nan ne ake yawan yin tuntuɓe, domin A7 a ma'aunin duniya wata 'yar takarda ce mai 74 da 105, wadda ba ta kai tafin hannu ba. Saboda haka idan kin je nema kada ki ambaci suna ko kaɗan. Ki ɗauki kati ɗaya a jakarki, ki zura shi da hannunki a gaban mai kantin, ki tabbata ya shiga ba da dole ba kuma akwai sararin milimita biyar ko shida da ya rage. Masu sayar da kayan biki sun fi kantin littattafai ajiye wannan girman.

Idan ba a samu ba, maɗaba'ar za ta iya ƙera miki shi, kuma a nan kalmomi biyu za su taso. Forma wani allon katako ne da aka dasa wa wuƙaƙen ƙarfe a siffar ambulan a buɗe, taksir kuwa shi ne danna takarda a kan wannan allo a yanke ta, duk da cewa kalmar a Larabcin yau da kullum tana nufin farfasawa. Kuɗin forma sau ɗaya ake biya, ko guda 100 za a yanka ko 5,000, don haka a kan guda 400 zai ɗan yi miki nauyi. Ki fara tambaya ko suna da tsohuwar forma mai wannan girman a ajiye, sau da yawa akwai ta, sai dai ba za a faɗa miki ba idan ba ki tambaya ba.

Amma sauran kalmomin, kushe takarda ce da aka shafe fuskarta da wani farin yumɓu aka goge ta ta yi santsi, tawada tana zama a samanta ba ta nitsewa, shi ya sa hoto yake fita tas a kanta. Lambar da ake haɗa mata, kamar kushe 300 ko 350, nauyin murabba'in mita ɗaya ne na takardar a giram. Takardar ofis giram 80 ce, wato falle ɗaya na A4 yana da nauyin giram biyar, katin gayyata kuwa daga 250 zuwa 350 ake yinsa. Sulufan wata siririyar leda ce da ake mannawa a kan katin bayan bugu, akwai lami' mai sheƙi, akwai maɗfi marar sheƙi, kuma a ganina maɗfi ya fi dacewa da katin aure, sai dai ki sani biro ba ya kama sulufan da kyau, idan da hannu za a rubuta sunayen waɗanda aka gayyata to a bar gefen da za a rubuta babu shi. Basma ba ta yatsa ba ce irin ta ofishin jawazat, wato hukumar fasfo, rubutun zinariya ne ko azurfa da ake dannawa da zazzafan ƙarfe ta kan wani siririn fallen foyil. Kufraj shi ne a tura rubutu ko zane ya taso sama yadda yatsa zai ji tudunsa. Akwai kuma rija, wadda ba a ambata miki ba, alhali ta fi su muhimmanci idan katin mai ninki ne: layi ne da ake dannawa a wurin ninkin tun kafin a ninke, domin kati mai kauri idan aka lanƙwasa shi haka kawai bayansa tsagewa yake yi, farin cikin takardar ya bayyana a tsakiyar launi. Kowace ɗaya daga cikin waɗannan shiga inji ce ta daban mai kuɗinta, ki nemi a rubuta miki su layi-layi a takardar farashi. Idan Allah ya kawo auren ƙanwarta, ambulan za ki fara saya, sannan a yanka kati daidai da shi.

Tambaya: Malam, muna da ɗan ofishin aika kaya zuwa Kano da Yamai. Muna so mu buga ambulan mai tambarinmu, mai launin kore har bakinsa, sai maɗaba'a ta ce ba zai yiwu a kan zarf jahiz ba. Sannan kwalin ambulan da muka saya bara duk marafansa sun manne da kansu tun ba a yi amfani da su ba. Wane iri ya kamata mu saya, kuma mai taga yana da amfani? Daga wani ɗan kasuwa, Jidda.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Gaskiya mai maɗaba'ar ya faɗa maka. Zarf jahiz shi ne wanda masana'anta ta riga ta yanka, ta ninke, ta manne, sai dai a ɗora masa bugu. Injin bugu yana kama bakin takarda da wasu 'yan yatsun ƙarfe da ake kira binsa domin ya ja ta ciki, kuma wurin da suka kama, kimanin santimita ɗaya, tawada ba ta isa gare shi. Ban da wannan, ambulan da aka gama haɗawa kaurinsa ba ɗaya ba ne, wani wuri falle biyu ne, wurin haɗin kuwa uku ko huɗu, saboda haka idan aka shimfiɗa masa launi mai yawa sai sawun haɗin bayan ya fito a fuskarsa kamar jijiya. Mai son launi har baki sai an buga masa a shimfiɗaɗɗiyar takarda, a yanka da forma, a ninke, a manne, wannan kuwa sai adadin ya kai dubbai kwalliya take biyan kuɗin sabulu. Da ni ne kai, da na sa tambarin da adireshi a kusurwa ɗaya, da launi ɗaya ko biyu, a kan farin ambulan mai giram 100, in bar koren ga takardar wasiƙa.

Girman da kake bukata don wasiƙa da takardar kuɗi shi ne DL, mai milimita 110 da 220, wanda yake ɗaukar A4 da aka ninke gida uku. Za ka kuma ci karo da ɗan'uwansa na Amurka da ake kira lamba 10, mai kimanin 105 da 241, shi ma A4 tana shiga cikinsa, sai dai zanen da aka yi wa ɗaya ba ya zama daidai a kan ɗayan, don haka ka rubuta milimitar a takardar oda. Ka kuma faɗi ta inda kake so ya buɗe, domin akwai mai marfi a dogon gefe, akwai mai marfi a gajeren gefe kamar aljihu, kuma marfin nan shi ne masu sana'ar suke kira lisan, wato harshe. Don takardun kwastan da na jigila waɗanda ba a so a ninke, ka nemi C4 na takardar kiraf, ruwan ƙasar nan mai tauri. Kalmar Jamusanci ce mai ma'anar ƙarfi, har sautinta ya so ya yi kama da na kalmarmu ta ƙarfi, ko da yake dacewa ce kawai.

Abin da ya sami kwalinka na bara kuwa, raɓar Jidda ce. Gam ɗin marfi iri uku ne. Akwai wanda ake jiƙawa kafin ya kama, shi ne mafi araha, kuma shi ne wanda danshin bakin teku yake jiƙa maka shi tun yana cikin kwali, musamman idan an ajiye shi a ɗakin da ake kashe na'urar sanyaya ɗaki da dare. Akwai mai gam a leɓe biyu da suke kama juna idan aka haɗa su, shi kuma ba ya jure ajiya, bayan 'yan watanni a cikin zafi sai ya bushe ya daina kamu. Na uku shi ne mai ɗan zirin takarda a kan gam ɗin wanda ake ɓarewa a manne, ya fi tsada kaɗan, amma shi kaɗai nake saya tun da na zauna a garin nan. Ka sayi abin da zai ishe ka wata shida, kada arahar kwali goma ta ruɗe ka.

Mai taga, wanda ake cewa zarf shubbak, wani Ba'amurke mai suna Americus Callahan ne ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1902, kuma hikimarsa ita ce adireshin da ke jikin wasiƙa ya leƙo ta tagar, a huta rubuta shi sau biyu, a kuma tsira daga saka wasiƙar wani a ambulan ɗin wani. Yana da amfani ga mai aika takardu da yawa, amma da sharaɗi biyu. Wurin tagar ba ɗaya ba ne a kowane kamfani, akwai ta hagu akwai ta dama, don haka sai ka sami ambulan ɗin a hannu sannan a tsara inda adireshi zai zauna a wasiƙar. Na biyu, kada ka zura shi a firintar ofis mai aiki da zafi sai idan an rubuta a kwalin cewa ledar tagar tana jurewa, in ba haka ba za ta narke a cikin injin. Wajen rubuta adireshinku kuma ka bi tsarin adireshin ƙasa na gidan wayar Saudiyya: lambar gini mai alƙaluma 4, sunan titi, unguwa, birni, lambar yanki mai alƙaluma 5, da ƙarin lamba mai 4. Akwai gajerensa mai haruffa 4 da alƙaluma 4, yana da kyau a sa shi a ƙasa.

Tambaya: Malam, na rubuta ɗan littafi da Hausa kan ladubban ziyara, shafi 50, ina so in buga don alhazanmu. Da aka fitar mini da gwaji sai na ga wasu haruffa sun zama akwati, koren bango kuma ya dushe ba kamar yadda yake a kwamfuta ba. Mai maɗaba'ar ya ce in mayar da shi shafi 48 ko in biya kuɗin ƙarin malzama, ya kuma tambaye ni ofset nake so ko dijital. Ina neman bayani. Daga wani ɗalibi a Jami'ar Musulunci, Madina.

Amsa: Malam ƙarami, Allah ya ba da ilimi mai amfani. Ka gode wa Allah da aka nuna maka gwaji, wanda a nan ake kira burufa, ka kuma karanta shi. Ni kaina na taɓa sa hannu a burufar wata takardar walima a wata maɗaba'a da daddare, ido ya yi nauyi, ban duba ba, washegari aka kawo guda 500 suna cewa muna maraba da baki maimakon baƙi, domin ma'aikacin da ya ga akwati a wurin harafin sai ya share shi ya sa wanda ya fi kama da shi a allonsa. Ba shi da laifi, bai san Hausa ba, ni ne na sa hannu, kuma a al'adar sana'ar duk kuskuren da ke cikin burufar da ka amince da ita kai za ka biya kuɗin sake shi.

Dalilin akwatunan shi ne haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, ba kowane salon rubutu na kwamfuta ne yake da su ba, kuma idan ka kai fayil ɗin Word aka buɗe shi a na'urar da ba ta da salon da ka yi aiki da shi, sai ta musanya da wani. Maganinsa shi ne ka mayar da littafin PDF a kwamfutarka, ka tabbata salon rubutun ya shiga cikin fayil ɗin, shi kuma bango a mayar da rubutunsa zane yadda ba mai iya canza shi. Haka ayoyi da addu'o'in Larabci da ke ciki, ka bi su ɗaya bayan ɗaya, domin wasu manhajojin zane suna rarraba haruffan ko su juya su daga hagu. Ba wai garin ne bai san haruffanmu ba, ai a nan Madina, a maɗaba'ar Sarki Fahad da aka buɗe a 1984, ake buga tarjamar ma'anonin Alƙur'ani ta Hausa ta marigayi Shaihu Abubakar Gumi. Ƙananan maɗaba'u ne ba su saba da su ba.

Batun launi kuwa, fuskar kwamfuta da haske take yin launi, tana haɗa ja da kore da shuɗi, takarda kuma da tawada huɗu ake yi mata: shuɗi mai haske, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Koren ma shuɗi da rawaya ake haɗawa a samo shi, kuma ba ya taɓa kai na fuskar kwamfuta walƙiya. Raba hoto zuwa waɗannan huɗu shi ne farz alwan. Idan lallai wani kore na musamman kake so, sai ka zaɓe shi a kundin launuka na Pantone ka ba da lambarsa, a dama tawadar daban, da ƙarin kuɗi. Ga littafi irin naka ban ga dalilin wannan ba. Abin da ya fi shi muhimmanci shi ne rubutun ciki ya kasance da baƙar tawada zalla, ba baƙin da aka haɗa daga huɗun ba, don idan suka ɗan goce wa juna sai harafi ya yi inuwa ya gajiyar da idon tsofaffi, waɗanda su ne yawancin masu karanta maka. Hoton bango ya kai ɗigo 300 a kowane inci, kada ka yi amfani da wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto, domin matse shi ake yi. Launin bangon kuma ya zarce layin yanka da milimita 3 ta kowane gefe, abin da ake kira bilid, saboda wuƙa ba ta faɗawa wuri ɗaya daidai a kan tulin takarda, idan babu wannan rarar sai farin zare ya fito a baki.

Malzama kuma ba dabarar cin kuɗinka ba ce. Ba shafi-shafi ake buga littafi ba. Babbar takardar da maɗaba'a take saya, wadda ake kira farkh, santimita 70 da 100 ce, rabinta 50 da 70, rubu'inta 35 da 50. Idan littafinka mai girman 17 da 24 ne, irin na yawancin littattafan Larabci da ke ɗakin karatunku, rabin farkh yana ɗaukar shafi takwas a gaba, takwas a baya, a ninke shi sau uku a yanke baki, ya zama shafi 16. Wannan ita ce malzama ɗaya. Shafi 48 malzama uku ce cif, shafi 50 kuwa ya tsallaka cikin ta huɗu saboda shafi biyu kacal. Ko da dabbus za a ɗinke shi, wato ƙusar waya biyu a tsakiya, dole adadin ya rabu da huɗu, 48 ko 52. Ka rage girman rubutu kaɗan, ko ka taƙaita gabatarwa, wadda na san ɗalibai da tsawaitawa.

A ofset ana zana kowane launi na kowace fuska a kan farantin alminiyam, wanda a Kano ake cewa filet, a nan kuma zinkat, kuma kuɗinsu da na saita inji ɗaya ne ko kwafi nawa za a buga, don haka yawan kwafi ne yake karya farashin kowane ɗaya. Dijital ba shi da faranti, kwafi na farko da na ɗari kusan kuɗinsu ɗaya. Idan ɗari ko ɗari biyu kake so ka tafi dijital, idan dubu ne zuwa sama ofset ya fi, a tsakani kuwa ka nemi farashin duka biyun a rubuce. Kafin duk wannan ka sani littafin da za a rarraba wa jama'a a ƙasar nan yana bukatar izinin hukumar da ke kula da yaɗa labarai, wanda ake kira fas-h, lambar littafi ta duniya da ta ajiya kuma Ɗakin Karatu na Ƙasa na Sarki Fahad da ke Riyad ne yake bayarwa. Maɗaba'a mai kiyaye doka za ta tambaye ka su.

Tambaya: Ina da shagon ɗinki, ina so in buga littafin rasit. An ce mini mukarban, amma da na duba samfurin ban ga baƙar takardar kabon a ciki ba. Ko an yaudare ni ne? Daga wata mai ɗinki, Jidda.

Amsa: Ba a yaudare ki ba, 'yar'uwa. Sunan ne ya rage daga tsohon zamani. Takardar da ake yi da ita yanzu, wadda kamfanin NCR na Amurka ya fito da ita a shekarun 1950, bayanta yana shafe da wasu ƙananan ƙwayoyin sinadari da ido ba ya gani, idan biro ya danna sai su fashe su haɗu da abin da aka shafa a fuskar falle na biyu, rubutu ya bayyana. Shi ya sa dole ki riƙa zura kwali a ƙarƙashin kowane saiti, in ba haka ba awon rigar wata zai fito a rasit uku na gaba. Ki ce a yi miki asali da kwafi ɗaya ko biyu, da tarƙim, wato jera lambobi, da takhrim, wato layin ƙananan huji da ake yagewa a kai. Sai dai idan shagonki yana da rajistar harajin kaya, wadda take wajaba idan cinikin shekara ya haura riyal 375,000, to tun 4 ga Disamba 2021 rasit na hannu ba ya zama fatura, wato takardar shaidar ciniki, a wurin hukumar zakka da haraji, sai wadda na'ura ta fitar. Littafin zai yi miki amfani ne wajen rubuta awo da kuɗin kafin alƙalami.

Tambaya: Ɗana, ni mutumin Mai Wurno ne a Sudan, da ƙuruciyata na yi aikin tsagar hashab da tsintar ƙaro. A lokacin ana ce mana Turawa suna sayensa ne don manne ambulan da buga littattafai. Gaskiya ne, kuma har yanzu ana yi? Daga wani dattijo mazaunin Jidda.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Gaskiya aka faɗa muku. Ƙaron hashab, itacen da a ƙasar Hausa muke kira ɗakwara, wanda Sudan ta fi kowace ƙasa fitar da shi, ya daɗe yana cikin gam ɗin da ake shafa wa bayan kan sarki da marfin ambulan. A wannan fannin yanzu an fi amfani da gam da ake sarrafawa daga sitacin masara ko dankali saboda araha, mai zirin takarda kuwa na roba ne. Kasuwar ƙaro mafi girma a yau tana wajen masu lemon kwalba da alewa da magunguna.

A wajen bugu kuwa bai bar aiki ba. Wani Bajamushe mai suna Alois Senefelder ne ya gano a 1796 cewa idan aka yi zane da abu mai maiƙo a kan lallausan dutse, aka shafe sauran fuskar da ruwan ƙaro, to wurin da ƙaron ya kama yana riƙe ruwa ya ƙi tawada, wurin zanen kuma ya kama tawada ya ƙi ruwa. A kan wannan ƙa'ida ta rashin jituwar ruwa da mai injin ofset yake aiki har gobe, sai dai farantin alminiyam ya maye gurbin dutse, kuma tawadar tana fara sauka a kan wani bargon roba kafin ta isa takarda. Farantin nan idan aka bar shi a buɗe iska tana cinsa, wurin da ya kamata ya fita fari sai ya fara ɗaukar datti, saboda haka idan za a tsayar da inji na ɗan lokaci, ko za a ajiye farantin don wani bugu, ana shafe shi da ruwan gam. Akwai na haɗi yanzu, amma har yau akwai masu injin da ba sa yarda da kowane sai samag arabi, wato ƙaron nan naku. Ku da kuka yi karatun allo kun riga su sanin halinsa, tunda shi ake jefawa a tawada don ta kama allo ta yi sheƙi. Idan jikanku ya sami sarari, ya kai ku wata ƙaramar maɗaba'a mai injin ofset dab da kiran sallar azahar, ku tsaya kusa da mai injin, za ku ga ya ɗauko soso ya tsoma a wani ruwa mai kalar shayi ya goge farantin kafin ya tafi alwala. Ku nemi ya ba ku ku taɓa da yatsa, za ku gane danƙonsa.